Kafin Ki Miƙa Masa Kuɗin Adashi, Fara Duba Wutar Gidanki

Wannan makon wata 'yar'uwarmu ce daga Bugaje, a ƙaramar hukumar Jibiya, ta ja mu zuwa wata magana da ba mu saba ba. Ɗanta ya gama sakandare, kawunsa ya ba shi tsohuwar kwamfutar ofis ta tebur, shi kuma ya kafa mata ƙahon zuƙa sai ta saya masa "katin girafik" ranar da ta kwashi adashi. Ya ce da shi zai riƙa buga gem ɗin ƙwallo, har ya sa benci a zaure yara su biya su buga. Ita ba ta san ko mene ne katin ba. Abin da ta sani, sa'o'insa da dama sun koma ɗaukar kaya a babur ta hanyoyin daji zuwa Nijar, kuma gara ta gan shi a zaure da ta kwana gabanta na faɗuwa tana jiran ƙarar babur.

Na san ke ma wataƙila naki ya taɓa nuna miki hoton wani abu mai fankoki biyu a waya yana cewa Mama wannan nake so. To bari mu yi maganar.

Katin girafik wani ɓangare ne da ake soka wa kwamfuta a ciki, aikinsa zana hoton da ke motsi a allo. A gem ɗin ƙwallo sai an zana fili da 'yan wasa 22 da 'yan kallo kamar sau 60 a kowace daƙiƙa, in ba haka ba hoton ya riƙa sarƙewa. Kamfanonin Nvidia da AMD ne suka riƙe kasuwar, shi ya sa za ki ji yaro yana ambaton GTX da RTX da RX. Idan ya ce miki don karatu ne, ki yi murmushi kawai. Koyon buga rubutu da atisayen jarabawar JAMB ba sa buƙatar wannan kati ko kaɗan. Gem ne ke buƙatarsa, sai kuma mai haɗa bidiyon biki.

Yaro yakan fara da tambayar wanne ya fi ƙarfi. Ke ki fara da tambayar wace wuta gidanki yake da ita, don katin nan maci wuta ne, kuma gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon cinsa. GTX 1650 yana jan wat 75, kusan fankar silin guda ke nan. RTX 4060 yana jan 115, RX 6600 yana jan 132, RTX 3060 kuwa 170. Wanda 'yan YouTube na Amurka ke taƙama da shi, RTX 4090, shi kaɗai wat 450 yake sha, kamar ki kunna fankoki shida a lokaci guda, kuma dala 1,599 aka sa masa ranar da ya fito a 2022. Wannan duk katin ne kawai, ba a sa sauran kwamfutar da allon ba.

Yi lissafin da ni. A ce kina da sola da babban batir guda mai lamba 200, irin na ruwa da aka fi sani. Idan ya cika yana riƙe da abin da ya kai wat 2,400 na awa ɗaya, amma masu haɗa sola za su gaya miki kada a sha fiye da rabi in ana so ya yi ƙarko. Saura 1,200 ke nan. Kwamfuta mai ƙaramin kati, da allonta, tana iya jan wajen wat 200, kin ga awa biyar zuwa shida. Mai RTX 3060 za ta haura 300, awa uku da wani abu batir ya yi ƙasa. Kuma batirin nan shi ne na fankar ɗakinki a zafin Afrilu, shi ne na cajin waya, shi ne na ƙwan tsakar gida. Ranar da maigida ya dawo ya tarar da duhu saboda ana buga ƙwallo a zaure, ke za a tambaya. Idan janareta ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kin fi ni sanin abin da lita take ci, sai yaron ya zauna ya lissafa yara nawa za su buga kafin kuɗin man awa ɗaya ya fita. Wutar NEPA kuwa, ko ta zo, hawa da saukarta na iya ƙona kayan. Kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin katin, kada a raba su.

Bayan wuta, sai ki tambaye shi sunan gem ɗin. Kowane gem yana da jerin abin da yake buƙata a shafin kamfaninsa. Na ƙwallon da yara ke kira FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, masu shi sun rubuta cewa FC 24 zai tashi da GTX 1050 Ti ko RX 570, sun kuma ba da shawarar GTX 1660 ga mai son ya ji daɗinsa. Duka tsofaffin kati ne masu sauƙin kuɗi. Kin ga wanda ƙwallo kawai zai buga a allo madaidaici ba shi da hujjar neman na sama. Ki sa shi ya buɗo miki jerin na shekarar da yake so, ki gani da idonki.

Akwai tarkon da ya fi kama masu tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell da HP na gwanjo. Da yawansu siraran akwati ne, babban kati ba ya ma shiga. Sannan na'urar da ke raba wuta a cikinsu, wadda masu gyara ke kira fawa, ƙarama ce, kuma ba ta da wayar da babban kati yake buƙata. Nvidia da kansu fawa mai wat 550 suka ce a nema wa RTX 3060, abin da ba za ki samu a irin wannan akwati ba. Sai a sayo kati a dawo gida, a ce sai an canja fawa, a canja fawa a ce ba ta zauna a akwatin ba, kuɗi ya yi ta tsiyaya. Irin waɗannan kwamfutoci gajeren kati suke so wanda ba ya neman ƙarin waya, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6. A kuma duba ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta. FC 24 yana neman Core i5 zubi na shida da ram giga 8, in tata ta gaza haka, kati ba zai cece ta ba. Shawarata a ɗauki akwatin a tafi da shi kasuwa, ko Katsina ko Beirut Road a Kano, a soka katin a gaban mai shago.

Sabo a kwali ya yi wa yawancinmu nisa, tunda da dala ake shigo da shi, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Don haka gwanjo za a saya, kuma ba laifi ba ne, sai dai a buɗe ido. Shekarun baya masu haƙar kirifto sun yi ta kwashe katunan nan suna kunna su dare da rana. Da Ethereum ya daina haƙa da kati a watan Satumba na 2022, sai suka zubo su kasuwa. RX 580 mai giga 8 yana cikin waɗanda aka fi wahalarwa, shi ya sa yake da arha mai jan hankali, ga shi yana shan wat 185. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka canja wa suna ya riƙa nuna lambar babba. Wata manhaja kyauta mai suna GPU-Z tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Yaron ya sa a buɗe ta a shagon, sannan a kunna gem ɗin na tsawon rabin awa. In hoto ya fara fitar da ɗige-ɗige ko layuka, ko fanka tana kuka, ko kwamfutar ta mutu da kanta, a ajiye. A karɓi rasit mai lambar katin da kwanakin da aka yarda a dawo da shi.

'Yar'uwar tamu ta ce wani abokin ɗan nata ya yi alkawarin kawo masa mai arha daga Maraɗi. Mutanen Jibiya da Maraɗi dangi ne, ba a kan amana nake magana ba. Maganar mayarwa ce. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024. Kayan da ba a gwada a gabanki ba, mai shi kuma yana ƙetaren iyaka, in ya lalace a kwana na uku wa za ki kama? Ga canjin sefa da ba ya yi wa naira daɗi.

Kada kuma a dogara da gem ɗin da sai da intanet. Ba a manta da watannin ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Wanda ake bugawa mutum biyu a benci ɗaya shi ne na zaure. Ƙurar hunturu ma tana toshe fankar kati ya yi zafi, don haka a ɗora akwatin a kan tebur, a rufe shi da zane in an kashe, a riƙa hure shi.

Ni dai da ni ce ke, ba kyauta zan ba shi ba. Rance ne, a gaban kawun nasa, yana biya duk mako ko da kaɗan ne. Allon ya fuskanci ƙofa yadda mai wucewa zai gani. A kashe lokacin salla da lokacin Islamiyya, kuma ba a caca a kan wasa. Ki san cewa GTA da yara ke rububi, masu tantance gem sun rubuta masa shekara 18, bai dace da zauren da 'yan firamare ke shiga ba. Katin kuwa, in ƙwallo ce kuma kwamfutar ta ofis ce, gajeren GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6 zan nema, ragowar adashin ya tafi ga sitabilaiza da hannun gem guda biyu.

Wadda ɗanta ya riga ya haɗa irin wannan a kan sola, ta faɗa mana a ƙasa batir nawa gare su da awa nawa yake kai su, 'yar'uwarmu ta Bugaje tana karantawa.