Daga Bakin Allo: Shin Kangara Muke Koya wa Yara?

Kwanakin baya wani dattijo ya tare mu a ƙofar makaranta bayan an tashi, ya ce, "Ticha, mun kawo muku yara ku koya musu ladabi, ga shi ɗana ya dawo gida yana cewa wai akwai dokar da bai kamata a bi ba." Muka ce, "Baba, ruwa ba ya tsami banza, ka yi mana haƙuri, za mu ba ka amsa." To ga amsar, domin mun san ba shi kaɗai ne wannan magana ta dama ba a Sabon Zango, da Nima, da Maamobi.

Littafin da ya jawo maganar shi ne Journey to Jo'burg, wato tafiya zuwa Johannesburg, wanda Beverley Naidoo ta rubuta, aka buga a Ingila a 1985. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta shi, ba a sake shi ba sai a 1991. Labarin Naledi ne, 'yar shekara 13, da ƙaninta Tiro. Ƙanwarsu Dineo ta kwanta rashin lafiya, uwarsu kuwa tana can birni tana aikatau a gidan farar fata. Sai suka kama hanya domin su kira ta, tafiyar kusan kilomita 300, wadda ta fi nisan Ankara zuwa Kumasi. A can suka ga bas ɗin da baƙar fata ba ya shiga, suka ga 'yan sanda na kamen waɗanda ba su riƙe da takardar fas, suka kuma ji labarin ɗaliban Soweto da aka buɗe wa wuta ranar 16 ga Yuni 1976 saboda sun ƙi a koyar da su da harshen Afrikaans.

Muhawara ta fara ne daga wurin lemo. A hanya yunwa ta sa yaran sun tsinki lemo a gonar wani Bature. Muka tambayi aji: sata ce ko ba sata ba? Aji ya rabu biyu. Daga nan muka kawo musu labarin Sharpeville, inda ranar 21 ga Maris 1960 mutane suka bar fas ɗinsu a gida, suka je ofishin 'yan sanda da ƙafarsu suka ce a kama su, aka harbe 69. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ticha, masu lemo sun ɓuya, waɗannan kuwa ba su ɓuya ba." Nan darasin yake, kuma ita ta gano shi da kanta.

Sai muka rubuta sharuɗɗa huɗu a allo. Na ɗaya, dokar ta kasance ta zalunci ce a fili, kamar wadda ke hukunta mutum saboda launin fatarsa. Na biyu, a ƙi bin ta a bainar jama'a. Na uku, kada a ɗaga hannu a kan kowa ko dukiyar kowa. Na huɗu, mutum ya yarda ya ɗauki hukuncin da zai biyo baya. Yaron da ya ƙi share aji, ko ya tsallake katanga ya tafi kallon ƙwallo, bai cika ko ɗaya ba. Wannan shi ne kangararre, kuma hukuncinsa yana nan.

Waiwaye adon tafiya. Ba sai mun je Soweto neman misali ba. A Janairu 1948 Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kayan kantunan Turawa saboda tsada. Ranar 28 ga Fabrairu na wannan shekara tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, aka harbe Saja Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Wawason kantunan da ya biyo baya ma mun sa yara sun auna shi da sharuɗɗan nan, suka ce ya faɗi a na uku. Ranar 8 ga Janairu 1950 Kwame Nkrumah ya ƙaddamar da yajin aiki da ƙin haɗa kai da 'yan mulkin mallaka ba tare da tashin hankali ba. Aka ɗaure shi a kurkukun James Fort, nan kusa da mu a James Town, bai fito ba sai a Fabrairu 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe. Har bayan samun 'yanci, a Oktoba 1957, wani gidan abinci a jihar Delaware ta Amurka ya hana ministan kuɗinmu Komla Gbedemah zama ya sha ruwan lemo saboda baƙi ne, har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo domin ba da haƙuri.

Amma aikin gida da ya fi girgiza mu shi ne wanda muka ce kowa ya tambayi kakarsa abin da ta gani a 1969. A Nuwamban shekarar gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Dubban mutane suka tafi Najeriya, da Nijar, da Togo, da sauran ƙasashe, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Yara suka dawo da labarin gidajen da aka sayar a wulaƙance da dangin da ba a sake gani ba. Ba mu ce wannan daidai yake da wariyar Afirka ta Kudu ba, amma ranar yara suka gane zafin a tambayi mutum takarda a garin da aka haife shi.

Muka ƙara musu da wata tambaya: mu fa, yaya muke kallon 'yan matan da ke zuwa daga arewa suna dako a kasuwar Makola? Wane suna muke kiran wanda ba ƙabilarmu ba? Aji ya yi tsit. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Saboda haka Baba, ba mu ce wa ɗanka ya raina na gaba ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma matashin da ba a koya masa kai kuka cikin lumana ba, shi ne 'yan siyasa ke miƙa wa dutse lokacin zaɓe. Roƙonmu ga iyaye shi ne ku karɓi littafin, ku sa yaro ya fassara muku babi ɗaya bayan cin tuwon dare, ku ma ku ba shi labarin da kuka gani da idonku. Wanda bai gamsu ba, ƙofar ajinmu a buɗe take.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.