Haƙƙin zaɓe a Amurka: Doka ɗaya, amma kowane minista da yadda yake riƙe ta

A watan Yunin 2021, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka jihar Jojiya a kotu kan sabuwar dokar zaɓenta, bisa zargin an tsara ta ne don a takura wa baƙaƙen fata wajen kaɗa ƙuri'a. Merrick Garland ne Antoni Janar a lokacin, ƙarƙashin Shugaba Joe Biden. A ƙarshen watan Maris na 2025, Pam Bondi, wadda Shugaba Donald Trump ya naɗa a wannan kujera, ta ba da umarnin a janye ƙarar.

Ko harafi ɗaya ba a sauya ba a dokar tarayyar da aka kafa hujja da ita. Mai riƙe da ma'aikatar ne kawai ya sauya. Kuma wannan tsohon ciwo ne a tarihin ƙasar.

An kafa ma'aikatar a 1870, zamanin Shugaba Ulysses Grant, shekarar da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 15, wanda ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Babban aikin da ta fara cin karo da shi shi ne ƙungiyar Ku Klux Klan, mai kisa da ƙone-ƙone don tsorata tsofaffin bayi kada su je rumfar zaɓe. Antoni Janar Amos Akerman, duk da cewa ya yi soja a ɓangaren Kudu masu kare bauta lokacin yaƙin basasa, ya tsaya kai da fata. An kama ɗaruruwan 'yan ƙungiyar, musamman a jihar Karolina ta Kudu. Sai dai bai cika shekara biyu a kan kujerar ba, ya sauka a ƙarshen 1871.

Bayan an janye sojojin tarayya daga Kudu a 1877, sai gwamnatin tarayya ta naɗe hannu. Jihohin suka ƙirƙiro harajin zaɓe da jarrabawar karatu, waɗanda jami'an rajista ke amfani da su wajen kayar da duk wanda suka ga dama. A jihar Luwiziyana, baƙaƙen fata masu rajista sun haura 130,000 a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Duk tsawon wannan lokaci gyara na 15 yana nan a rubuce, kuma Ma'aikatar Shari'a tana nan da ofisoshinta.

Sai a 1957, zamanin Shugaba Dwight Eisenhower, aka kafa sashen kare haƙƙin jama'a a cikin ma'aikatar. Shi ma bai yi wani kataɓus ba da farko, domin dole ne a bi gunduma-gunduma ana shigar da ƙara, kuma kafin a ci shari'a ɗaya an fito da wata sabuwar dabara.

Dukan kawo wuƙa da jami'an tsaro suka yi wa masu zanga-zangar lumana a kan gadar garin Selma da ke jihar Alabama ranar 7 ga Maris, 1965 ne ya sauya lissafi. Ranar 6 ga Agusta na shekarar, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Dokar Haƙƙin Zaɓe. Ƙarfinta yana cikin sashe na 5: jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen wariya ba su da ikon sauya ƙa'idar zaɓe sai da amincewar Ma'aikatar Shari'a ko wata kotun tarayya a Washington. A jihar Misisipi, rajistar baƙaƙen fata ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 60 cikin shekara biyu. Ko a 2006, majalisar dattawa ta sabunta dokar da ƙuri'a 98, babu ko ɗaya da ya ƙi.

A watan Yunin 2013, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta soke ma'aunin da ake tantance jihohin da sashe na 5 ya shafa. Hujjar Alƙalin Alƙalai John Roberts ita ce ma'aunin ya dogara da alƙaluman shekaru kusan 40 da suka wuce, kuma ƙasar ta canza. Wannan hujja abar dubawa ce, kamar yadda masu goyon bayan dokar Jojiya ke da tasu: cewa kundin tsarin mulki jihohi ya bai wa ragamar gudanar da zaɓe, kuma neman katin shaida ba wariya ba ne. To amma kotun ta bar wa majalisa ƙofar fito da sabon ma'auni, ita kuwa ta kasa. Ƙudurin da aka sa wa sunan John Lewis, ɗaya daga cikin waɗanda aka fasa wa kai a Selma, ya tsallake majalisar wakilai a 2021, ya maƙale a ta dattawa.

Abin da ya rage yanzu shi ne shigar da ƙara bayan aikin gama ya gama, kuma a ɓangaren gwamnati, Antoni Janar ne ke zaɓar ƙarar da za a shigar da wadda za a yi watsi da ita.

Gaskiya ne an samu masu riƙe da kujerar da suka ƙi bin son ran uban gidansu. A Disamban 2020, William Barr ya fito fili ya ce ma'aikatarsa ba ta ga maguɗin da zai iya sauya sakamakon zaɓen ba, duk da cewa Trump ne ya naɗa shi. Amma haƙƙin da ya dogara da halin mutum ɗaya, wanda shugaban ƙasa zai iya sallama a duk ranar da ya so, haƙƙi ne da ke rataye da zare. Majalisar Amurka ce ke da alhakin rubuta sabon ma'auni, wanda zai ɗaure kowane minista, ko daga wace jam'iyya ya fito.

Najeriya, da ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, tana da abin lura a nan. Sashe na 150 na kundin 1999 ya haɗa muƙamin Antoni Janar da na minista a hannun mutum ɗaya, sashe na 174 kuma ya ba shi ikon dakatar da shari'ar aikata laifi. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar a kafa hukumar hukunta masu laifukan zaɓe tun a 2008. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a, ya dace a tambaye shi ina wannan magana ta kwana.