Zubar jini bayan haihuwa: abin da bincike ya nuna da abin da ya rage gare mu a ƙasar Kurfai

Ya kai mai karatu, ya ke mai karatu, ku duba garinku da kyau. Daga Filinge zuwa Shikal, daga Bonkuku zuwa Damana, da wuya a sami zuri'ar da ba ta taɓa rasa mace wajen haihuwa ba. Sau da yawa labarin iri ɗaya ne: an sauka lafiya, an yi barka, sai jini ya ƙi tsayawa. Mutuwa da rayuwa na hannun Allah, amma Allah ya hore mana sanin magani da sanin dabara.

Girman matsalar

Ƙididdigar lafiya da gwamnatin Nijar ta yi a 2006 ta nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100.000, mata 648 ne ke rasuwa. A ƙididdigar 2012 adadin ya sauka zuwa 535. A 2006 haihuwa 18 cikin 100 ne kawai ma'aikacin lafiya mai horo ya karɓa. A 2012 suka kai 29 cikin 100. An ci gaba, amma da sauran tafiya. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma yana iya gamawa da mace cikin awa biyu.

Gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, ta ɗauke na awon ciki a 2006. Wannan ya buɗe ƙofar likita ga talaka. Sai dai shiga ƙofa daban, samun hannun da ya iya aiki daban.

Me ya sa ido ba ya isa?

An daɗe da sanin cewa mace ta shiga haɗari idan jinin da ta zubar ya kai rabin lita. Matsalar ita ce ido yana ruɗin mutum. Jini yana shiga zane, ya shiga tabarma, ƙasa ta shanye wani. Ko ƙwararriyar ungozoma takan ga kamar kaɗan ne, alhali ya yi yawa. Kafin a farga, mai jego ta fara jiri, jikinta ya yi sanyi. Saboda haka masu bincike suka ce a daina kintace, a riƙa aunawa.

Darasin ƙasarmu

Daga 2015 zuwa 2020, ma'aikatar lafiya ta Nijar da wata ƙungiya mai suna HDI sun bi diddigin haihuwa sama da miliyan ɗaya a gidajen likita na ƙasa baki ɗaya. An koya wa ma'aikata matakai uku, kowane na bin wani. Na farko, a ba mace ƙwayar da ake kira mizoforostol, mai sa mahaifa ta tsuke. Na biyu, idan jini bai tsaya ba bayan minti 20, a saka kororon roba a cikin mahaifa, a cika shi da ruwa ya danne inda jinin ke fita. Na uku, a sa mata wata riga mai matse ƙafafu da ciki, don jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa, a garzaya da ita babban asibiti. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa mutuwar mata ta dalilin wannan zubar jini ta ragu da fiye da rabi.

Ku lura, babu na'ura mai tsada a cikin waɗannan matakai. Abin da ya yi aiki shi ne kowa ya san abin da zai yi, da lokacin da zai yi shi, kuma kayan suna kusa da hannu.

A shekarar 2023 ɗin, wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Jami'ar Bayero ta Kano ta shiga cikinsa, ya ƙara tabbatar da haka. An shimfiɗa wa mata wata leda mai ma'auni da ke tara jini, kuma da zarar ya kai iyaka sai a haɗa magunguna gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Horo kaɗai bai wadatar ba

Makarantun koyon aikin lafiya na Yamai da Damagaram suna yaye ungozomomi da masu jinya. Amma hannu yana mantuwa idan ba ya aiki. Wadda aka tura ƙaramin gidan likita na karkara tana iya yin watanni ba ta gamu da babbar matsala ba, ranar da ta zo kuma ita kaɗai ce, cikin dare. Shi ya sa ake son a riƙa maimaita gwaji a wurin aiki, manya kuma su riƙa zagayawa suna dubawa.

A ƙasar Indiya an gwada wata takardar tunatarwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Sakamakon 2017 ya nuna ma'aikata sun gyara aikinsu, amma mutuwa ba ta ragu ba. Darasin shi ne sai an haɗa da magani, da jini, da mota, da zuwa kan lokaci.

Akwai kuma maganar hali. A 2003 masu binciken zaman jama'a sun fitar da littafi a kan gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Sun tarar cewa tsawa da wulaƙanci suna korar marasa lafiya. Macen da aka zaga a haihuwar fari ba za ta so komawa a ta biyu ba. Shimfiɗar fuska ma tana cikin ƙwarewa.

Halin da Kurfai ke ciki

Daga Filinge zuwa Yamai, inda babban gidan haihuwa na Issaka Gazobi yake, tafiyar kilomita wajen 180 ce. Ƙauyuka da yawa sai da amalanke ake fita. Rashin tsaro a jihar Tilaberi ya sa an rufe wasu gidajen likita, kuma dokar hana hawan babur da aka kafa a 2020 ta ƙara wahalar kai mai naƙuda. Inda hanya ta yi nisa, dole shiri ya riga ciwo.

Abin da ya rage gare ku

Masana sun ce jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa a likita. Na farko yana hannunku.

Ke mai ciki, ki je awo tun da wuri, ki sha ƙwayoyin ƙarin jini, ki adana karnenki. Yanzu da kika iya karatu, ki duba ranar komawa da kanki. Kada kunyar haihuwar fari ta sa ki ɓoye naƙuda.

Kai maigida, ka ba da izini tun kafin ranar, domin ko ba ka nan a tafi. Ka tanadi kuɗin hanya, ka san mai amalanke ko mai mota, ka nemi ƴan'uwan da za su ba da jini.

Ku iyaye mata da ungozomomin gargajiya, mutuncinku yana nan. Ku raka ta likita, ku zauna kusa da ita. Idan jini ya jiƙe zane, ko mabiyiya ta ƙi fita, ko ta yi jijjiga, ko zazzaɓi ya kama ta, kada a tsaya jiƙo.

Kada a yi gaggawar komawa gida. Yinin farko da darensa su ne mafi haɗari. Kuna da haƙƙin tambaya cikin ladabi: an yi mata allurar hana zubar jini? An duba mahaifa ta tsuke? Idan kun ga gazawa, ku kai maganar ga kwamitin lafiya na garinku.

A zama na gaba na ajin yaƙi da jahilci, ku rubuta sunan gidan likita mafi kusa da ku, da nisansa, da wanda zai kai mace cikin dare. Ku manna takardar inda kowa zai gani.