Labarin Matan Karaye Da Rogo Kada Ya Ƙare A Kanta

Kowace shekara 'yan'uwanmu ɗalibai masu karatun ilmin zaman jama'a da aikin jin daɗin jama'a sukan fita ƙauyuka domin binciken ƙarshen karatu. Waɗansunsu sukan nufi yammacin Jihar Kano, su yi makonni a Karaye ko Rogo, su shiga gidaje, su zauna a kan tabarma su saurari mata. Sukan dawo da littafi cike da bayani: matar da aka saka da goyo ba a yanka mata kuɗin ciyarwa ba, yarinyar da aka cire daga firamare aka ɗora wa farantin talla, da wadda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari har mijin ya juya mata baya. Malami ya duba ya ba da maki, a ɗinke kundin da baƙin bango, a jera shi a kanta. Daga nan kuma sai ƙura da gara.

Alhali kuwa akwai mujallun ilmi da aka kafa musamman domin irin wannan rubutu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Affilia, wadda aka fara bugawa a Amurka a 1986, kuma aikinta shi ne duba sha'anin jin daɗin jama'a ta fuskar haƙƙin mata. Ra'ayin wannan mujalla tamu shi ne, lalle ɗalibanmu, mata da maza, da ƙananan ma'aikatan da ke ofisoshin jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, su fara aika rubutunsu can.

Mun san abin da waɗansu za su ce, wai zancen haƙƙin mata kayan aro ne daga Turai. To, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba daga Turai ta samo tsarin 'Yan Taru ba, da ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. A 1956 Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mace a Musulunci, ya sha suka, bai janye ba. Ƙungiyar WIN ma daga taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982 ta samo asali. Ba dole ne marubuci ya yarda da duk abin da editocin Amurka suka yarda da shi ba. Hasali ma, idan ya saɓa musu da hujja, rubutunsa ya fi amfani.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta, sai dai tana son haƙuri. Da Turanci ake rubutawa, a aika ta intanet, a cire sunan marubuci, a ba masana su duba ba tare da sun san ko wane ne ba. Sau da yawa sai an yi watanni kafin amsa ta zo, kuma galibi amsar ita ce a gyara a sake aikowa. Kundin digiri ba ya tafiya yadda yake. Sai an tace shi, an ɗauki tambaya guda an bi ta har ƙarshe. Ga misali: tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, noman rani da kamun kifi suka samu gindin zama a ƙasar Karaye. Nawa ne daga cikin kuɗin yake shiga hannun matan da ke gyaran kifin da shanya barkono da tumatir?

Amma abin da ya fi damunmu shi ne amana. Matar da ta buɗe maka cikinta a ɗakinta ta yi ne don ta ga ɗan makaranta mai ladabi, ba ta san maganarta za ta haye teku ba. Wajibi ne a gaya mata da Hausa, a fili, inda za a kai zancen, kuma ta yarda ko ta ƙi. Sauya suna kaɗai bai isa ba. A garin da kowa ya san kowa, idan ka ce bazawara ce mai 'ya'ya uku da ke sayar da ƙuli-ƙuli kusa da masallacin Juma'a, ai ka riga ka nuna ta da yatsa. Kai za ka samu suna a mujalla, ita kuwa a bar ta da surukai da mai unguwa. Rubutun da ba za a iya ɓoye mai shi ba, gara a bar shi a kantar.

Saura magana guda. Abin da aka buga da Turanci a ƙasar waje, ba matar Rogo kaɗai ba, ko kansilan mazaɓarta da wuya ya gan shi, kuma shi da hakimi da alƙali su ne masu iya yin wani abu a kai. Saboda haka duk wanda ya aika rubutu waje, muna roƙonsa ya kawo mana taƙaitawarsa da Hausa, shafi biyu ko uku. Za mu buga, mu kuma roƙi 'yan ƙungiyoyin ɗaliban Karaye da Rogo su kai kwafe gida idan an tafi hutu.