Ma'aikatan Sin: Me ya sa kuka a intanet ya fi sauƙi a kan gaya wa shugaba?

A watan Maris na 2019, wasu masu rubuta manhajojin kwamfuta a ƙasar Sin suka buɗe shafi a dandalin GitHub mai suna 996.ICU. Saƙon shi ne: mai aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6 a mako, ƙarshensa gadon asibiti. Awa 72 ke nan, alhali dokar ƙwadago ta ƙasar awa 44 ta ƙayyade. Dubun-dubatar mutane suka mara wa shafin baya, da yawansu a ɓoye.

To me ya hana su faɗa a ofis?

Wani ɓangare na amsar yana cikin tarbiyya. Koyarwar Konfushiyas ta ajiye kowa a matsayinsa: sarki da bafade, uba da ɗa, babba da ƙarami. Ga kuma abin da Sinawa ke kira mianzi, wato mutuncin mutum a idon jama'a. Wanda ya gyara wa shugabansa magana a tsakiyar taro ya zubar masa da mutunci, ko da shi ke da gaskiya. Ya kuma taɓa guanxi, zumuncin da ƙarin girma ke ratayuwa a kansa. Shi ya sa ƙorafi kan bi ta bayan gida: a keɓe, wajen cin abinci, ko ta bakin wani.

Sai dai al'adar ba ta ce a rufe baki ba. Har yau Sinawa na yabon Wei Zheng, bafaden da ya riƙa gaya wa Sarki Taizong gaskiya a ƙarni na 7. Amma fa Wei ya dace da sarki mai sauraro.

Nan ne ɗora wa al'ada komai ke zama rufa-rufa. Ƙungiyar ƙwadago ɗaya tak doka ta amince da ita, kuma tana ƙarƙashin jam'iyya mai mulki. A kamfanonin fasaha, wanda ya doshi shekara 35 fargabar sallama yake yi. Ba kunya kaɗai ke ɗaure harshe ba, har da tukunyar gida.

Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba, ya kira tsarin 996 albarka a Afrilun 2019. Sai a Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago suka fito suka ce ya saɓa wa doka.