Waiwaye: Shekarar da Manyan Laftof Suka Yi Ta Makancewa

A ranar 2 ga Yulin 2008, kamfanin Nvidia na Amurka, mai ƙera cif ɗin da ke zana hoto a allon kwamfuta, ya fito ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa zai ware dala miliyan 150 zuwa 200 don ɗaukar nauyin gyaran wasu laftof da ke ɗauke da kayansa. Washegari darajar hannun jarin ta zube da kusan kashi 30 cikin ɗari. Masu jari sun ji zafin abin a yini guda, su kuwa masu kwamfutocin sun daɗe suna ji a jikinsu. Mutum zai danna makunni, fitilu su kama, fanka ta ɗauki juyi, allo kuwa ya yi baƙi ƙirin. Wani sai ya fara ganin layuka masu launi suna ratsa hoto tukuna. Wani kuma Wi-Fi ne zai fara ɓacewa, bayan 'yan makonni allon ya bi bayansa.

Ciwon ba a allon yake ba. Shi cif ɗin hoto yana zaune ne a kan ƙananan ƙwayoyin dalma masu ɗimbin yawa, waɗanda da kyar ido ke ganinsu, kuma ta cikinsu wuta da saƙo ke bi. Da an kunna kwamfuta sai cif ya ɗau zafi ya ɗan buɗe, da an kashe sai ya huce ya tsuke. Kayan da aka yi haɗin da su a waɗancan shekarun ba su jure wannan buɗewa da tsukewa ba, a hankali ƙwayoyin suka riƙa tsagewa, ranar da tsagar ta yanke hanya kuma hoto ya tafi. Abin ya shafi HP Pavilion dv2000 da dv6000 da babbar yayarsu dv9000 mai allo inci 17. Ya shafi wasu samfuran Dell, ya kuma shafi MacBook Pro na Apple masu inci 15 da 17 da aka sa wa GeForce 8600M GT. Maganin farko da HP da Dell suka fitar shi ne sabunta BIOS domin fanka ta riƙa juyawa fiye da da. Wannan yana rage zafi, ba shakka, amma ba ya ɗinke abin da ya riga ya tsage. Daga baya kamfanonin suka ƙara wa'adin garanti, masu saye a Amurka suka haɗu suka shigar da ƙara, aka sasanta a 2010.

Abin da ya sa nake tono wannan tsohon labari shi ne inda kwamfutocin suka ƙare. Wanda ya saya a can ya sami gyara kyauta ko musanya. Da dama daga cikin sauran kuwa, da masu su suka gaji da su, sai suka shiga kwantena tare da kayan hannu, suka sauka a Legas, daga Computer Village ta Ikeja suka hauro arewa, suka zauna a kantoci a titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano. Garantin da aka ƙara bai biyo su ba, sasancin kotu kuma bai san da mu ba. Na'urar da ta kasa jure ɗaki mai sanyi a Turai ita ce aka kawo wa zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe duk wata kafar iska.

Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara a Kano yana aikin da suke kira gasa VGA. Ya kwance bod ɗin wata babbar laftof, ya rufe gefen cif da takardar alminiyam don kada robobin kusa su narke, ya ɗiga man dalma, ya ɗauko bindigar iska mai zafi yana zagaya cif ɗin sannu a hankali. Ɗan shagon ya cika da ƙauri. Da bod ya huce ya mayar da komai, ya danna makunni, hoto ya fito tar. Na ce masa, "To, yanzu ta warke ke nan?" Ya girgiza kai ya ce, "Malam, tsakani da Allah, farfaɗowa dai ta yi. Wata ta kai wata shida, wata ko sati biyu ba ta yi. Ni kullum sai na gaya wa mai ita. Amma akwai masu kawo min in gasa musu don su kai kasuwa."

Maganarsa ta ƙarshe ita ce ta tsaya min a rai. Laftof ɗin da aka gasa da safe za ta haye duk tambayoyin da muka saba yi da rana. Inci nawa ce? Sha bakwai. RAM nawa? Ga shi ka gani da idonka. Core nawa? i7. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Lambobin nan suna faɗin abin da na'ura za ta iya yi ne a ranar da take da lafiya. Tsawon kwananta kuwa yana wajen hanyar da zafi ke fita, da ƙarfin hinji, da ko za a iya buɗe ta a gyara, kuma babu takardar da aka manna a jikinta da ke faɗin ko ɗaya daga cikinsu.

Ba na ganin laifin mai son babban allo. Mai zanen gini, mai haɗa fim, akawun da ke yini a kan Excel, dattijon da idonsa ya fara gajiya, duk buƙatarsu ta gaske ce. Tun watan Janairun 2003 da Steve Jobs ya nuna PowerBook G4 mai inci 17, a kan dala 3,299, ake wannan sha'awa ta ɗaukar tebur guda a jaka. Sai dai girman yana zuwa da nasa nauyin, na farko kuma a kan hinji yake sauka. Murfin inci 17 ya fi tsawo, ya fi nauyi, saboda haka duk buɗewa ɗaya ƙarfin da ke jan hinji ya fi na ƙaramar laftof. A masu araha, sukurorin hinjin suna shiga ne cikin ƙananan notocin tagulla da aka dasa a roba. Ƙura ta shiga, hinji ya yi tauri, mai ita ya ci gaba da buɗewa da ƙarfi ta gefe ɗaya, wata rana roba ta ce ƙas. Daga nan kusurwa ta fara buɗe baki, wayar da ke kai hoto zuwa allo ta fara matsewa. Ita dv9000 ta yi suna da karyewar hinjin hagu, har HP ya yarda ya gyara wa wasu masu ita kyauta. Jerin da aka ƙera don ofis da aiki mai nauyi, irin su ThinkPad P da Dell Precision da HP ZBook, galibi ana ɗaure hinjinsu ne a jikin ƙarfe, shi ya sa tsohuwarsu kan fi sabuwar mai roba daɗewa.

Duba wannan ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Ka ɗaga murfin daga tsakiya da yatsa ɗaya, ka kasa kunne. Ka leƙa kusurwoyi biyu na baya, ka ga ko roba ta kumbura ko akwai farin tabon gam. Ka danna tsakiyar kibod ka ga ko yana lotsawa. Mai sayen doki ba ya tsayawa a kan adon sirdi sai ya buɗe baki ya ga haƙori, kuma kuɗin babbar laftof a yau ya isa a yi mata irin wannan dubawar.

Kada wani ya ce ai tsada ko jikin ƙarfe sun isa kariya. MacBook Pro na 2011, masu inci 15 da 17, jikinsu alminiyam ne sumul, kuɗinsu kuma ba na wasa ba, amma cif ɗin hoto na AMD da ke cikinsu ya riƙa mutuwa da alamomi kusan irin na baya. Apple ya daina yin mai inci 17 a watan Yunin 2012, sai a Fabrairun 2015 ya buɗe shirin gyara kyauta, bayan masu su sun sha koke. A nan ne nake ganin mai sayen ta hannu yana riƙe da wani abu da mai sayen sabuwa ba shi da shi, ko da yake ba mu cika amfani da shi ba. Wanda ya sayi sabuwa a 2011 ba shi da hanyar sanin abin da zai faru bayan shekara biyu. Mu kuwa da muke saye bayan shekara huɗu ko biyar, tarihin samfurin ya riga ya rubutu. Cikakkiyar lambarsa tana manne a ƙarƙashin na'urar. Minti goma a waya, ana karanta abin da masu irinta suka yi ta kuka da shi, ya isa ya nuna ko ciwon gado ne da ita. Idan ɗaruruwan mutane sun faɗi abu ɗaya a kan hinji ko allo ko zafi, to taka ma ba daga wani gida daban ta fito ba.

Su kansu lambobin da muke dogara da su, rabinsu muke karantawa. Inci tsawon gilashi ne kawai daga kusurwa zuwa kusurwa. Yawan abin da zai bayyana a kai kuwa yana ga yawan ɗigon hoto. Akwai manyan laftof masu inci 17.3 da ke da 1600 sau 900, wato ɗigo miliyan 1.44, alhali ƙaramar inci 14 mai 1920 sau 1080 tana da fiye da miliyan biyu. Ƙaramar ta fi nuna layuka da ginshiƙai a Excel, babbar kuwa ta hura abu kaɗan ne ya yi girma. Ga wanda idonsa ke son manyan haruffa wannan ba aibu ba ne, amma mai zane ya biya kuɗin filin da bai samu ba. Sannan ka karkata allon ka kalle shi daga gefe: idan launi ya wanke ko ya juye, TN ne mai araha, idan ya tsaya yadda yake, IPS ne. Ka buɗe farin shafi fes da baƙin shafi, tabo da mataccen ɗigo za su fito.

Haka ma i7. Suna ne da Intel ya daɗe yana sa wa cif tun 2008, don haka i7 na 2011 da na 2021 sunan kawai suka haɗa. Lambar da ke bayan sunan ita ce ke faɗin zamani: 2630QM zubi na biyu ne, 8550U zubi na takwas. Harafin ƙarshe kuma yana da magana. Masu U an yi su ne don cin wuta kaɗan, wajen watt 15, masu H kuwa wajen watt 45, sun fi ƙarfi kuma sun fi zafi. Zamanin ya ƙara muhimmanci tunda Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, shi kuwa Windows 11 a hukumance yana neman zubi na takwas zuwa sama. Ka tambaya ko RAM ɗin ana iya ƙara shi ko an like shi a bod, ko ma'ajiyar SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa.

Batun wuta shi ne wanda mai saye a Turai ba ya tunani, mu kuwa shi ne rayuwarmu. Babbar laftof mai cif ɗin hoto na daban tana zuwa da caja mai watt 180 ko 230, ƙaramar ofis kuwa 45 ko 65 ta ishe ta. Wanda ke rayuwa a kan ƙaramin sola ko inbata zai gane bambancin tun daren farko. Baturi ma kada ka tsaya a kan "yana riƙe caji, yallaɓai". A Windows, idan aka rubuta powercfg /batteryreport, na'urar da kanta za ta fitar da rahoton ƙarfin da aka ƙera baturin da shi da wanda ya rage masa yanzu.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ya fi cin lokaci, shi ya sa ake tsallake shi. Ka zauna a shagon rabin awa, ka sa mata bidiyo mai nauyi da shafuka da yawa, ka ɗora hannu a mafitar iska. Iska mai ɗumi da ke fita da ƙarfi alamar lafiya ce. Fanka na ihu amma iska ba ta fita, hanya ta toshe. Ka nemi a kwance murfin ƙasa a gabanka. Sukurorin da bakinsu ya cinye, roba mai alamar narkewa, launin ƙuna ko busasshen man dalma a gefen cif, duk suna nuna an riga ka zuwa wurin. In ciniki ya faɗa, a rubuta lambar siriyal a rasit da kwanakin da za ka iya mayarwa, kuma a kwanakin nan ka sa ta aikin da ka saye ta dominsa, da rana tsaka, kada ka lallaɓa ta.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa tun a gida: shin zai riƙa yawo da allon ne, ko a tebur ɗaya zai zauna? Babbar laftof da cajarta sukan haura kilo uku, kuma da yawa daga masu ita bayan wata biyu sun daina fita da ita. Idan haka ne, ƙaƙƙarfar inci 14 ta ofis tare da allon tebur mai inci 24 za su ba shi fili fiye da kowace inci 17, hinji ya huta, zafi ya ragu, ranar da ɗaya ya lalace kuma shi kaɗai zai canza.