Zumunta a Ƙafa Take: Nasiha ga Ɗalibin da Ke Nesa da Gida



Ya 'yan uwana matasa, a ƙasar Ingila inda nake karatun digiri na uku, jami'o'i kan yi tsit daga watan Yuni zuwa Satumba. Su a can hutun bazara suke kiransa, mu kuwa a Katsina lokacin damina ce, gero ya rufe ƙasa, ana ta noma. Masu digiri na farko ne ke watsewa. Mu masu bincike sai mutum ya nemi izinin malamin da ke duba aikinsa. Shekara biyu ina ba kaina uzuri, sai a daminar 2025 na ɗauki mako shida na koma gida. Abin da na tarar shi ya sa nake ganin duk ɗalibin da Allah ya hore wa hali, ya kamata ya kai wa iyayensa hutunsa da ƙafarsa.

Da na yi sallama a zaure, Baba bai gane ni ba sai da ya ji muryata. Da dare Inna ta shaida mini cewa ya kusa shekara yana fama da idanunsa. Ya daina duba Alƙur'ani, ya koma tilawar abin da ya haddace, kuma ƙanena ke riƙe masa hannu zuwa masallaci da asuba. Alhali kowace Juma'a ina kiransu ta WhatsApp, amsar kuma ba ta canzawa: lafiya lau muke, ka dage da karatu. Na ce, "Inna, me ya hana ku gaya mini?" Ta ce, "Kana ƙasar mutane, mu tayar maka da hankali?"

Likita ya duba ya ce yanar ido ce, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, ga shi kuwa tana da magani. Aikin bai kai sa'a guda ba. Washegari aka cire bandeji, Baba ya dube ni ya ce na rame. Ba rashin kuɗi ne ya zaunar da shi ba, domin ina aikowa gwargwadon hali. Tsoro ne ya riƙe shi, da rashin wanda zai matsa masa cikin ladabi, ya kuma zauna kusa da shi a asibiti.

Iyayenmu mutane ne masu kawaici. Abin da ke damunsu ba ya biyo waya. Ba za ka ji a murya cewa an rage cefane ba, ko maganin hawan jini ya ƙare tun watan jiya. Wannan sai ka zauna a tsakar gida ka gani, domin gani ya kori ji.

Na san uzurorin, don ni ma na sha kawo su. Na farko kuɗin jirgi. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, tafiyar ta yi wa da yawa daga cikinmu nauyi, kuma ban ce kowa ya ci bashi ba. Wanda ba shi da hali, Allah ya san zuciyarsa. Amma mu yi wa kanmu adalci: nawa ne cikinmu suka sami kuɗin sabuwar waya da na yawon buɗe ido, suka rasa na zuwa gida?

Na biyu aiki. Gaskiya ne gida ba ɗakin karatu ba ne: ga ɗaukewar wuta, ga baƙi, ga ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ka nan. Na zo da niyyar rubuta babi biyu, na koma da rabin ɗaya. Sai dai da na koma na tarar da babin yana nan inda na bar shi, malamina kuma ya ƙara mini lokaci. Shekarar da Baba ya yi cikin duhu kuwa, babu mai dawo mini da ita.

Mu tuna da Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman. Ya yi zamani da Manzon Allah (SAW) amma bai gan shi ba, kuma malamai sun ambaci cewa hidimar mahaifiyarsa ce ta tsayar da shi. Duk da haka, Sayyidina Umar da kansa ya nemi ya roƙa masa gafara. Ina darajar digiri in an gwada ta da abin da Uwaisu ya haƙura da shi?

Akwai kuma wanda ke zuwa gida da gangar jiki kawai. Ya kulle ɗaki da kwamfuta, ko ya wuni majalisar abokai, ko ya zama mai gyara wa kowa zama, komai ya gani ya ce a Turai ba haka ake yi ba. Wannan bai zo ba tukuna. Shawarata ita ce ka ba karatunka daga bayan asuba zuwa hantsi, sauran wunin na mutanen gida ne. Ka ci tuwo tare da mahaifinka. Ka duba magungunan da suke sha, ka kai su a auna musu jini da sukari. Ka tako zuwa gidan gwaggo da kawu, ko da ba ka da tsaraba.

Ranar da zan koma, na bar Baba a zaure da Alƙur'aninsa buɗe a gabansa. Allah ya gafarta mana sakacinmu, ya ji ƙan iyayenmu rayayyu da waɗanda suka riga mu, ya sa iliminmu ya amfane su tun suna raye. Amin.

Wassalamu alaikum.